Ya tambaye ni ko a cikina ya zauna

Maman Anas:
Assalamu alaikum 'yan gida. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, ban taɓa sa baki ba, yau dai dole ta sa. 'Yan Greensboro, nan Amurka, sun san labarina, sauran kuma ga shi a taƙaice. Shekararmu 12 da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. An yi na asibiti, an yi na gida, har muka gaji muka bar wa Allah. Shekara biyu da suka wuce muka je Maroko muka ɗauko yaro daga gidan marayu ta hanyar kafala, wato riƙon da kotu ke bayarwa, lokacin yana da shekara biyu da rabi. Sunansa Anas. Da shi muka same shi, ba mu canza ba.

Jiya da daddare na yi masa wanka ina shafa masa mai, sai ya ɗora tafin hannunsa a cikina ya ce, "Mama, ni ma a nan na zauna?" Wata maƙwabciyarmu ce ke da tsohon ciki, 'yarta Zara ce take gaya masa ƙaninta yana ciki yana barci. Wallahi yawun bakina ya bushe. Na ce ɗaga hannu in sa maka riga, na kunna masa katun, maganar ta bi ruwa. Ni kuwa har asuba idona biyu. Babansa ya ce a gaya masa gaskiya. Hajiyarsu ta Kano da na kira ta da safe ta ce kada in kuskura. Don Allah waɗanda suka san abin nan, me ake ce wa yaro ɗan shekara huɗu da rabi?

Hajiya Inna:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya saka miki da alheri, ya raya Anas. Ni dai ina bayan surukarki. Yaron da ko tsarki bai gama iyawa ba, ina shi ina wannan magana mai nauyi? Ki ce masa e, a nan ka zauna, ki rungume abinki. In ya yi hankali, ya kai sha biyar ko sha takwas, sai ku zaunar da shi. Mu nan gida haka ake yi, kuma ba a mutu ba.

Ummu Hanan:
Hajiya ki yi haƙuri, amma "e" ɗin nan ai ƙarya ce. Kuma yaron fari ne sol, na gan shi a hoton salla. Madubi ma zai gaya masa.

Hajiya Inna:
Ke yarinya, a gidanmu akwai fari akwai baƙi, uwa ɗaya uba ɗaya. Buzaye da Fulani sun cika dangi. Ba wannan ba ne zai tona.

Malam Abu Sumayya:
Bismillah. Maman Anas, Allah ya ba ku ladan da aka yi wa mai riƙon maraya alkawari, wanda Manzon Allah (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka za su kasance tare a Aljanna. Hajiya, da girmanki, amma a nan ba zan bi ki ba. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Annabi har mutane suna kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, sai aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka ta ce a kira su da sunan ubanninsu, in ba a san ubannin ba to 'yan'uwanku ne a addini. Abin lura shi ne, ba a kori Zaidu daga gidan ba, ba a rage masa ƙauna ba. Nasaba kawai aka ce kada a taɓa. Riƙo halal ne, babban aiki ne ma. Cewa yaro "ni na haife ka" alhali ba haka ba ne, shi ne abin da aka hana. Ba a ce ki zazzage masa komai a dare ɗaya ba, amma abin da za ki faɗa ya zama gaskiya ne, ko da kaɗan ne.

Kawu na Injamena:
Ni tambayata daban ce, kuma ku gafarce ni in ta yi zafi. Marayun Kano sun ƙare ne? Na Damagaram sun ƙare? Me ya kai ku Maroko? Mu a Chadi wannan harka ta ɗaukar yara a fita da su ba mu manta da ita ba. A watan Oktoba na 2007 aka kama wasu Faransawa na wata ƙungiya, Arche de Zoé, a Abeche, sun tara yara 103 za su sa su jirgi zuwa Faransa, wai marayun Darfur ne. Har bandeji suka naɗa wa yaran don a ce marasa lafiya ne. Da aka bincika, yawancinsu 'yan Chadi ne, kuma iyayensu suna nan da ransu. Kotu ta yanke musu shekara takwas-takwas, aka mayar da su ƙasarsu, a 2008 Idriss Deby ya yi musu afuwa. Ku 'yan Kano ma ai kun ga yara tara da aka gano a Anaca a 2019, an canza musu suna. Ni tun daga nan in na ji an ce "maraya daga wata ƙasa" sai gabana ya faɗi.

Ummu Hanan:
Haba Kawu. Baiwar Allah ta zo da damuwarta kana haɗa ta da ɓarayin yara?

Kawu na Injamena:
Ban ce ita ɓarauniya ba ce. Na ce a san inda yaro ya fito.

Maman Anas:
Ummu Hanan bar shi, tambayar tana kan hanya, kuma ba shi ne ya fara yi mini ita ba. Kawu, gida muka fara nema. Ƙanwar maigidana ta ce za ta ba mu 'yarta ta biyar in an yaye ta. Na sayi kaya, na gyara ɗaki. Lauya ya ce mana Amurka ba ta ba da bizar maraya ga yaron da uwa da uba suna raye suna iya riƙonsa, ko da sun yarda sun sa hannu. Dama kafin mu gama jin wannan, mijinta ya ce ya fasa. Riƙo irin namu na gida, na "ga 'yarki nan Yaya", ba ya tsallake ofishin jakadanci. Takardun Najeriya kuma ƙasashen nan ba sa yarda da su yadda kuke zato, Ingila ma tun 2021 ta dakatar da ɗauko yara daga Najeriya saboda matsalar takardu da gidajen da ake sayar da jarirai.

Maroko kuwa alƙali ne yake ba da kafala, bayan kotu ta tabbatar yaron yasasshe ne ba mai nemansa, kuma Musulmi kaɗai ake ba wa. Mun yi makonni a can muna zuwa gidan marayun kullum kafin a ba mu shi. Ban ce tsarinsu ba shi da aibi ba. Abin da na gani da idona na faɗa.

Kawu na Injamena:
To madalla. Na ji. Allah ya raya shi.

Anti Nas:
Na shigo a makare, yanzu na taso daga aikin dare. Maman Anas, ni a Minnesota nake, sashen yara nake aiki, kuma jihar nan tana cikin wuraren da aka fi kawo yara daga Koriya ta Kudu. Yanzu manya ne, wasu da jikokinsu. Akwai wadda muke aiki tare, an kawo ta tana jaririya. Koriya ta fitar da yara wajen 200,000 tun bayan yaƙinsu, kuma a Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta fito ta ce an yi ta ƙirƙirar takardu, ana rubuta yaro maraya alhali yana da iyaye. Abokiyar aikin nan tawa, kin san abin da ya fi ci mata rai? Ba kawo ta da aka yi ba. Iyayen riƙonta mutanen kirki ne, tana son su. Abin da ke damunta shi ne duk lokacin da ta yi tambaya tana ƙarama sai fuskar uwar ta canza, har ta koyi cewa wannan magana tana sa Mama baƙin ciki, ta daina. Ta haɗiye tambayoyinta shekara talatin.

Shi ya sa maganar da ta tsaya mini a labarinki ita ce "ɗaga hannu in sa maka riga". Ba laifinki ba ne, kowa zai daburce. Amma yaro yana karanta fuska fiye da yadda yake jin magana. In ya tambaya sau biyu, sau uku, kina kunna katun, zai gane nan wurin ba a taɓawa.

Kawu kuma yana da gaskiyarsa. Habasha ta rufe ƙofa a 2018, Chaina a 2024, Rasha ta hana Amurkawa tun 2013. A 2004 yara kusan 23,000 aka shigo da su Amurka, yanzu ba sa kai 2,000 a shekara. Ba haka kawai ƙasashen suka rufe ba. Amma Anas ya riga ya zo, yana ɗaki yana jiran amsa.

Hajiya Inna:
Ku dai 'yan boko komai sai an yi wa yaro bayani. In ya je makarantar allo wani ya ce masa ɗan tsintuwa fa? In ya zo Kano hutu? Kun san bakin mutanenmu. Ina tsare masa mutunci ne.

'Yar Goggo:
Hajiya, bari in ba ki labarina, don ni aka yi wa abin da kike cewa a yi.

Ranar da aka yaye ni aka kai ni wurin yayar babana a Katsina, ba ta taɓa haihuwa ba. Ita na sani uwa. Inna nake ce mata. Mahaifiyata kuwa in ta zo sai a ce ga matar Baffanki, in durƙusa in gaishe ta in wuce. Kowa a unguwa ya sani, har mai kanti, ni kaɗai ce ban sani ba. Ina shekara 13 muka yi faɗa da wata yarinya a bakin famfo a kan layi, ta ce "ke da aka ba da ke kyauta kamar 'yar kyanwa". Na jefar da bokitin na ruga gida. Inna tana tankaɗe, na tambaye ta, ta yi shiru, rariyar tana hannunta ba ta motsi. Shirun nan shi ne amsar.

Ba ta taɓa dukana ba, Hajiya. Ta sayar da akuyarta ta biya mini kuɗin jarrabawa. Amma na yi kusan shekara biyu ba na iya cin abinci a kwano ɗaya da ita. Ba don ba ita ta haife ni ba. Don na riƙa tuna duk ranar da na ce "Inna da kina da cikina me kike sha'awa" ta ce ɗanwake, muka yi dariya. Na riƙa tunanin to me kuma ba gaskiya ba ne? Ta rasu muna lafiya, alhamdu lillahi, ni na yi jinyarta. Sai dai da a bakinta na ji ina shekara huɗu, da yarinyar bakin famfo ba ta da abin da za ta soke ni da shi. Da sai in ce mata e, na sani, sai me?

Ummu Hanan:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Inna.

Hajiya Inna:
Amin. Allah ya gafarta mata. Na ji ki 'yata. Amma ke kin san babanki, kin san gidanku, da kika ji gaskiya akwai inda za ki nufa. Shi wannan in an gaya masa, ina za a nuna masa? Wannan ne bambancin.

Maman Anas:
Hajiya wannan shi ne ainihin abin da ya hana ni barci. Abin da ke cikin fayil ɗinsa bai cika shafi biyu ba. An same shi yana ɗan kwanaki, an kai shi asibiti, daga nan gidan marayu. Sunan uban da ke takardarsa ma ma'aikaciyar ta ce mana hukuma ce take sawa don kada wurin ya zauna fili.

Amma kada ku ɗauka bai san komai ba. Jikinsa ya sani. Watanninmu na farko, kullum in na kaɗe gadonsa sai na tarar da burodi a ƙarƙashin filo, wani har ya yi funfuna. A aljihun wando, a cikin takalmi, a bayan kujera. Tuwo kuwa ko kallo, sai burodi da shayi, yana cewa "khubz, khubz", ruwa kuma "lma". Na yi kuka ranar da ya fara cin tuwo da miyar kuka, na ɗauki bidiyo na tura Kano. In zai yi barci ba ya son a goya shi ko a jijjiga shi, zama yake ya riƙa kaɗa jikinsa gaba da baya har barci ya ɗauke shi, don haka ya saba lallashin kansa. In ya faɗi ya fasa gwiwa ba ya kuka, sai ya tashi ya kalli jinin. Ni da aka ce yaro mai haƙuri ne har daɗi na ji, sai daga baya likitarsa ta ce mini jaririn da ya yi ta kuka ba a zo ba, dainawa yake. Ranar da ya buge kansa da ƙofa ya kwarma ihu ya nufo ni da gudu, babansa cewa ya yi alhamdu lillahi.

A masallaci kuwa duk macen da ta miƙa hannu zai je, ya kira ta Mama, ya bi ta har mota. Matan suna cewa kai yaron nan ba shi da ƙyuya. Ni kuma cikina yana ƙullewa, don na gane a wurinsa Mama sunan duk mai ba da abinci ne.

Anti Nas:
Duk wanda ya yi aiki da yaran gidan marayu ya san waɗannan. Yanzu ya daina?

Maman Anas:
Ɓoye burodi ya daina, tun da na ajiye masa ɗan kwando a kicin daidai tsawonsa, da ayaba da biskit, na ce naka ne ba mai taɓawa. Bin mutane ma ya ragu sosai, mun yi wata shida ba mai ba shi abinci ko yi masa wanka sai ni ko babansa, har wata ƙawata ta yi fushi ta ce ina yi mata rowar ɗa. Yanzu in baƙuwa ta zo bayan zanena yake ɓuya. Larabcin ne ya tafi gaba ɗaya, cikin wata huɗu ya bar shi, yanzu sai Turanci da Hausa, Hausar ma irin ta "Mama zo ka gani". Wannan yana damuna. Shi kaɗai ne abin da ya taho da shi ban da kayan jikinsa, kuma a hannuna ya zube.

Baban Khalil:
Gafara dai mata, in sa baki kaɗan a kan abin da ba a taɓo ba. Malam, in ya balaga fa? Ita ba muharramarsa ba ce. Kuma gado?

Malam Abu Sumayya:
Tambaya mai kyau, kuma tana cikin dalilan da suka sa ɓoyewa ba ta yiwuwa. Da an same shi yana jariri, da ta shayar da shi ko 'yar'uwarta ta shayar, ya zama muharraminta ta hanyar shayarwa. A shekara biyu da rabi, an yaye shi, lokacin ya wuce a wurin mafi yawan malamai. Akwai hadisin Salim, wanda ya tashi a gidan Abu Huzaifa, aka ba da izinin shayar da shi yana babba, da Nana A'isha ta ɗauke shi a buɗe, sauran matan Annabi suka ce rangwame ne gare shi shi kaɗai. Wannan ku zauna da malamin da kuka yarda da shi, ba maganar zaure ba ce. Gado kuwa ba ya ci, amma ana yi masa wasiyya har zuwa sulusin dukiya, kuma ana ba shi kyauta tun ana raye, ya karɓa ta zama tasa. Maman Anas ku rubuta wannan tun yanzu. Dokar Amurka za ta ɗauke shi ɗanku cikakke, dangi a gida kuma ba za su ɗauke shi haka ba, kada ku bar yaro a tsakiya.

Maman Anas:
Malam ka taɓo wani wurin. Da muka kammala shari'ar a kotun nan, takardar haihuwar da suka ba mu sunana da na babansa ne a wurin iyaye, haka tsarinsu yake. Ta Maroko tana nan na adana, da hukuncin alƙali, da rigar da ya zo da ita. Wani lokaci in na ga takardun biyu sai in ji kamar na yi laifi.

Malam Abu Sumayya:
Takardar hukuma lalura ce, da ita zai yi makaranta ya yi fasfo. Abin da ke bakinku a cikin gida shi ne naku. Kada dai ta farkon ta ɓata.

Anti Nas:
Ga abin da na ga yana aiki. Kada ki mai da shi taro, a kashe talabijin a zauna ana kallon juna. Kuna da hotunan Maroko ai? Ki wanke su a takarda, ki jera a ɗan littafi: ga gidan da ka zauna, ga matar da take ba ka madara, ga ranar da muka fara ganinka, ga jirgi. Ya zama cikin tatsuniyoyin dare. In ya sake tambaya ki ce a'a, a cikin wata mata ka zauna a Maroko, ba ta samu ikon riƙe ka ba, mu kuma muna ta neman yaro, Allah ya haɗa mu. Ki tsaya nan. Kada ki ce ta mutu tunda ba ki sani ba, kada ki ce ta yar da shi, kada kuma ki ƙawata ta da labarin da ba ki da shi. Zai sake tambaya a shekara bakwai, ya sake a sha biyu, kowane lokaci da irin zurfinsa.

Hajiya Inna:
To ni dai na faɗi nawa. In kun gaya masa, ku ja masa kunne kada ya riƙa faɗa wa kowa. Ba kowa ne Malam ba.

'Yar Goggo:
Wannan kam Hajiya ta yi gaskiya. Labarinsa ne, ba na 'yan biki ba.

Maman Anas:
Salam 'yan gida, na dawo bayan kwana tara, na ga saƙonninku ta bayan fage, na gode. Na yi littafin, hoto 14. Daren Juma'a muka duba shi tare, babansa yana bakin ƙofa wai yana gyara makulli. Da muka zo hoton gidan marayun ya nuna wani gado mai shuɗin ƙarfe ya ce "nawa". Ban taɓa nuna masa hoton nan ba.

Na faɗa masa yadda Anti Nas ta ce, muryata tana rawa. Ya yi shiru, ya ce cikin matar babba ne kamar na maman Zara? Na ce e, na san ya yi girma haka. Ya ce ya sunanta? Na ce ban sani ba Anas, amma Allah ya sani. Ya ce to a sa mata suna. Na ce sai dai mu ce Maman Maroko. Ya maimaita sau biyu, sannan ya ce yana son ayaba, ya sauka ya tafi kwandonsa.

Daren nan ya dawo gadonmu, abin da ya bari tun bara, kuma da safe na ga rabin biskit a ƙarƙashin filo. Jiya ma haka. Hajiyar Kano ba ta ɗauki wayata ba tukuna, babansa ya ce in bar shi da ita.

Akwai wata 'yar Maroko a masallacinmu, na roƙe ta ta koya mini harira, miyar ƙasarsu, kafin azumi, ta ce in zo ranar Lahadi in taho da shi.

Anti Nas:
Biskit ɗin ki bar shi a wurin, kada ki yi magana. Ki dai riƙa canza zanen gado.

Hajiya Inna:
Ki turo mini lambar surukar taki ta bayan fage. Tsoho da tsoho sun fi jin maganar juna.